Ruwan da Ke Shiga Lambun Baba

Litinin, da yamma

An kwantar da Baba a asibiti yau. Gadon bakin taga ya samu, ya kuma ji daɗin haka, don yana hango wani ɗan fili da aka shuka furanni. Kafin a gama ɗaura masa ƙarin ruwa ya riga ya yanke hukuncin cewa mai ba furannin ruwa bai san aikinsa ba.

Ƙafar dama ce. Fartanya ta yanke shi a gindin babban yatsa yana aiki a lambu, ɗan yankan da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Umma ta yi masa abin da take yi wa kowane ciwo tun muna ƙanana. Ta buɗe gwangwanin biskit ɗin da take tara ragowar magunguna, ta zaɓi kafso mai launi biyu, ta ɓare, ta zazzaga garin a kan ciwon. Da bai warke ba ta canza launi. Sai da ƙafar ta ƙi shiga takalmi aka kira ni. A gidanmu sai an gama gwada komai ake kirana, kamar 'yan kwana-kwana.

Likitar ta tambaye shi tun yaushe yake da ciwon sukari, ya ce sun daɗe tare kuma ba su taɓa faɗa ba. Ta ɗebi ruwan ciwon ta aika a duba. Na ce mata ni ma aikina ke nan a jami'a, sai dai ƙwayoyin cutar ruwa da ƙasa nake dubawa. Ta yi mini murmushin da ake yi wa 'yan uwan marar lafiya masu ilimi. Na san shi, ni ma ina yi wa iyayen ɗalibai.

Yaya ya zo da kiret ɗin ƙwai daga gonarsa ya raba wa nas-nas. Yanzu duk sun san sunan Baba.

Laraba, da hantsi

Baba ya aike ni lambu. Ya ce kada in yarda da ido, ƙasa tana iya bushewa a sama alhali ƙasanta a jiƙe yake. In cire takalmi in danna babban yatsa a fangali, shi zai gaya mini ko tana son ruwa. Tun da ya bar aikin gidan waya haka yake yi, ba ya shiga lambu da takalmi, wai takalmi kurumta ƙafa yake yi. Na ce to. Ban cire ba.

Rabona da wurin an daɗe. Lambun yana gangare da ɗakunan kajin Yaya. Da Baba ya fara kukan baya saboda jan ruwa a rijiya, Yaya ya ja masa bututu daga ɗakunan, duk ruwan da aka wanke ƙasa da mazubai da shi ya gangaro cikin fangalolin. Ruwa da taki a haɗe, ba guga, ba ciwon baya. A lokacin kowa ya sa masa albarka, ni ma na sa ta waya. Baba kan ce kajin ɗansa sau biyu suke ciyar da shi, da ƙwai da kabeji.

Kabejin kuwa sai ka gani. Ganyensa zai rufe tire.

Abin da na gani ban da kabeji: ruwan da ke kwance a fangali yana da wani launi ruwan ɗorawa a gefensa. Tulin kashin kajin da aka jibge tun bara bai ruɓe ba, yana nan kamar jiya aka zuba. Na tuge wake guda ɗaya, saiwarsa sumul, babu 'yan ƙulle-ƙullen nan da ƙwayoyin ƙasa masu amfani ke zama a ciki suna ciyar da shuka. Na tona wuri uku da tsinke ban ga tana ba. Baba ya taɓa ce mini kwaɗi sun daina damunsa, yana murna.

Na tarar da Yaya a kan tsani yana juye wani garin magani daga leda a tankin ruwan shan kaji. Na tambaye shi me ke damunsu. Ya yi dariya ya ce lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ma yake ba su kullum da safe, don kada su fasa. Ya ce duk mai kaji haka yake yi, in ba haka ba ka wayi gari ka tarar da dukiyarka ta miƙe ƙafa. Ya kira ni Farfesa, kamar kullum, ya ce in ɗauki ƙwai.

Akwai kwalabe a bayan motata, na cika guda biyu da ruwan fangali, na ƙunsa 'yar ƙasa a leda. Sabo ne kawai. Ko gidan biki na je na ga kwata sai na leƙa.

Alhamis, da azahar

An canza allura. Zazzaɓin bai canza ba.

Juma'a, da yamma

Gwaggo ta zo dubiya da bayani a shirye. Ta ce bakin mutane ne, tun da aka fara maganar girman kabejin nan ta san za a rina. Umma ta gyaɗa kai. Na ce wa Gwaggo in haka ne ai kabejin ya kamata ya kumbura. Ta ce boko ya cinye mini tausayi. Baba ya yi dariya har ta zama tari.

Ƙafar ta fara wari. Umma tana fesa turare a labule kafin baƙi su shigo, kowa ya shigo sai ya yabi turaren.

Asabar, da safe

Ba kowa a ɗakin gwaje-gwaje, ni kaɗai da ƙarar firij.

Gwajin da nake koya wa 'yan aji biyu ne. Ka shimfiɗa ƙwayoyin cutar a faranti, ka ɗora 'yan takardu zagayayyu, kowace ɗauke da magani daban, ka bar su su kwana a ɗumi. Maganin da ke aiki zai share fili a kewayensa, ka ga da'ira tas babu abin da ya tsiro. Yara suna son gwajin saboda yana da kyau a hoto.

Farantan ruwan lambu ba su da da'ira. Ƙwayoyin sun tsiro har jikin takardun, wasu sun hau kansu. Takarda ɗaya ce kawai ta samu ɗan siririn fili, kamar bakin farce.

Da a wani wuri na ɗebo ruwan da yanzu na kira shugaban sashe ya zo ya gani. Zai ce mu rubuta, a je taro a nuna, a sha shayi a tafa. Ba abin mamaki ba ne a takarda. Yawancin maganin da aka ba kaza ba ya zama a jikinta, ta kashi yake fita da ƙarfinsa. Ya shiga ruwa, ya shiga ƙasa, kullum kaɗan-kaɗan. Ƙwayoyin da ba su da ƙarfi su mutu, har da waɗanda ke ruɓar da taki. Masu taurin kai su rage, fili ya zama nasu, su hayayyafa, su koya wa maƙwabta. Na faɗi wannan a gaban allo ban san iyaka ba, da alli a hannu, ina duba agogo.

Na ɗauki hoto. Na mayar da farantan. Na wanke hannu sau biyu.

Asabar, da la'asar

Sakamakon asibiti ya fito. Likitar ta ja ni baranda, wannan karon ba murmushi. Ta ce abin da ke cikin ƙafar bai jin duk magungunan da suke da su, sai guda ɗaya, shi ma da ƙyar. Tsohon magani ne da ake ajiyewa sai an rasa yadda za a yi, saboda yana taɓa ƙoda. Ta tambaye ni ko ya daɗe yana kwanciya a asibitoci, don a can aka saba ganin irin wannan. Na ce rabonsa da gadon asibiti tun ina firamare.

Ta koma ciki ta zaro biro daga aljihu, ta ja layi a ƙwaurinsa, sama da inda jan ya tsaya. Ta ce in jan ya tsaya ƙasa da layin, ƙafar tamu ce. In ya tsallake, za mu zauna mu yi wata magana. Baba ya ce tun da yake ba a taɓa yi masa rubutu a jiki ba, ta ƙara da hatimi.

Abin da na gani da safe ba hujja ba ne. Kama ce kawai. Kafin a ce wannan shi ne wancan sai an duba tsatson ƙwayoyin, na'urar yin haka kuwa tana cikin kwali a ofishin shugaban sashe tana jiran wata waya da aka ce tana hanya tun ina da cikin auta.

Lahadi, da rana

Abban yara ya buɗe kwandon shara ya ga latas ɗin lambu da tumatir, lafiyayyu. Ya dube ni, na ce sun yi yaushi. Ya ce ƙwan fa, na ce yara sun gaji da ƙwai. Auta tana tsaye da cokali mai yatsu tana jiran nata. Bai ƙara tambaya ba, ya fita ya sayo burodi. Wannan halin nasa shi ya sa na aure shi, yau kuma shi ke ba ni haushi.

Litinin, da safe

Ƙasa da layi. Tazarar yatsa biyu.

Talata, da safe

Ƙasa da layi. Nas ɗin ta ce yatsa biyu, ni na ga ɗaya da rabi. Yatsunta sun fi nawa siranta.

Yaya yana zuwa kullum in ya gama da kaji. Ya zauna a ƙarshen gado ya ɗora ƙafar hagun a cinyarsa yana matsawa, yana ba Baba labarin lambu. Ya ce ya ƙara buɗe bututun saboda zafi, tumatir har ya yi fure. Baba ya ce Allah ya yi masa albarka. Na fita neman ruwan zafin da ba wanda ya nema.

Laraba, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Likitar ta shigo a daidai lokacin da nas ke haɗa sabuwar kwalba a jikin ƙarin ruwa. Baba idonsa a rufe. Yaya, da ba ya ganin kwalba bai karanta ba, ya ɗauki wadda aka gama da ita ya juya ta. Sai fuskarsa ta washe.

"Ai wannan ne nake ba kajina," ya ce. "Likita, da kun faɗa tun farko. Ina da shi buhu guda a sito, ba ya ƙarya."

Da gaske yake, taimako yake son yi. Umma har ta fara hamdala.

Likitar ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun da ya fara kiwo, da shi da wasu, yana jujjuya su. Ta tambaye shi ina ruwan wanke ɗakunan yake zuwa. Ya gyara tsayuwa, don labarin da yake son bayarwa ne. Ya fara da ciwon bayan Baba, da yadda ya auna gangaren da kansa, da tsawon bututun. Ya kai wurin da ruwan ke shiga fangali, inda Baba ke tsayawa. A nan muryarsa ta yi ƙasa. Ya dubi ƙafar da ke naɗe da bandeji. Bai ƙarasa ba.

Likitar ba shi ta duba ba. Ni ta duba. Na duba taga. Mai ba furanni ruwa yana can ya saki tiyo yana danna waya.

A wurin ajiye motoci Yaya ya tare ni. Bai ce Farfesa ba.

"Ranar nan na gan ki da kwalabe. Me kika gani?"

"Ba ni da hujja, Yaya."

"Ban tambaye ki hujja ba."

Sai na nuna masa hoton, na yi masa bayanin da'ira kamar yadda nake yi wa 'yan aji biyu. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya tambaya wace takarda ce mai ɗan filin. Na nuna. Ya ce ita ce ta kwalbar? Na ce ita ce. Na ƙara cewa yana iya yiwuwa daga wani wuri Baba ya ɗauko, ƙwayar cuta ba ta yawo da adireshi. Ya ce daga ina, mutumin da daga gida sai lambu sai masallaci.

Ya shiga mota ya zauna. Na daɗe a tsaye, bai tayar ba.

Alhamis, da safe

Yatsa ɗaya. Fitsarin ya ragu, an ce a sa ido.

Juma'a, da hantsi

Yaya ya zo, bai shiga ba. Ya tsaya a baranda ya ba nas leda ta kai, 'ya'yan itace da sabon filas. Baba ya tambaya, Umma ta ce aiki ne ya yi masa yawa. Daga gadon ana iya ganin inuwarsa a gilashin ƙofa. Ba wanda ke da kafaɗa irin tasa a gidanmu.

Umma ta bi ni har mota da wani abu a ƙarƙashin mayafi. Gwangwanin biskit ne. Ta ce in tafi da shi, ba ta son ganinsa. Ta riƙe murfin motar ta tambaye ni ko ita ce, ko garin da ta zuba ne ya jawo. Na ce ba ita ba ce. Rabin gaskiya ne, don ya ɓata mana kwanaki, amma rabin da zan iya ba ta ke nan.

Ta ce in juye su a masai. Na ce to. Ga shi nan a but ɗin mota, yana ƙara duk na taka rami. In na zuba a masai ruwa zai bi, in na jefa a bola ƙasa zai shiga, wurin ƙona magani na jami'a kuwa injinsa ya tsaya tun bara. Na yi karatu har ƙasar waje a kan wannan, ga ni ina yawo da gwangwanin uwata ban san inda zan kai shi ba.

Asabar, da safe

A kan layi. Likitar ta ce a kan layi ba tsallakewa ba ne. Ita ma ta iya irin maganata.

Lahadi

Ban je ko'ina ba. Na goge kayan makarantar yara, har da waɗanda aka riga aka goge.

Litinin, da azahar

Ya tsallake.

Ta zauna a kujera, ba a tsaye ta yi maganar ba, na gode mata da wannan. Ta ce ƙodar ba za ta ƙara ɗaukar maganin ba, abin kuma yana hawa. In aka yi yanzu za a tsira da gwiwa. In aka jira ba ta san me za a tsira da shi ba. Umma ta ce a ƙara kwana biyu, Gwaggo ta san wani mai magani. Suka dube ni su duka, kamar ni ke riƙe da wuƙar.

Baba ne ya ce a ba shi takardar. Ya ce ƙafar nan ta zaga garin nan da jakar wasiƙu fiye da yadda kowace ƙafa ta zaga, in ta ce ta gaji ba za a kira ta raguwa ba. Ya nemi tabarau, ya karanta har ƙananan rubutun, ya gyara musu kuskure a adireshi, ya sa hannu. Sannan ya ce mini, "Uwata, ki tabbatar ta dama suka rubuta."

Na duba. Ta dama suka rubuta.

Na fita na gaya wa Yaya a baranda. Ya ce to. Ya ce ko akwai abin da za a saya. Na ce babu.

Talata, da yamma

An yi. Ƙasa da gwiwa. Ya farfaɗo, ya yi amai, ya koma barci.

Bargon yana sauka a wurin da bai kamata ya sauka ba. Umma ta tura filo a ƙarƙashi, nas ta cire, Umma ta mayar.

Alhamis, da safe

Zazzaɓin ya sauka. Ya sha shayi. Ya ce yatsan yana masa ƙaiƙayi, wanda babu. Ya ce in sosa masa, na sosa katifa, ya ce ƙasa kaɗan.

Asabar, da la'asar

Yaya ya kira ni gona, ya ce akwai abin da zai nuna mini.

Ya rame, tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe. Shi kaɗai ya yi aikin, bai bar ma'aikata sun taɓa ba. Ya tone bututun daga bakin lambu, ya toshe wurin da siminti, ya ja sabon rami ta bayan katanga. Fangalolin sun bushe sun tsage, kabejin ya kwanta. Ya ce ko ɗigo ɗaya ba zai ƙara shiga lambun Baba ba. Yana kallona kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa.

Na ce mu bi ramin mu ga ƙarshensa. Muka bi. Yana zagaya katanga, ya sauka ta cikin ciyawa, ya ƙare a bakin rafi. Ruwan yana zuba kai tsaye, da kumfarsa. A da ko ba komai ƙasar lambu tana riƙe wani abu kafin ya iso nan.

Ƙasa kaɗan wani ya kafa injin ban ruwa yana jan rafin zuwa gonar albasa, ya naɗe wando, yana tsaye a ciki har ƙwauri. Gaba da shi mata biyu suna wanki. Can an kawo shanu. Mai albasar ya ɗaga mana hannu, ya tambayi jikin Baba.

Yaya ya amsa masa. Sannan ya zauna a kan dutse.

"To ina zan kai shi? In shanye?"

Na ce daga tanki za a fara. Kazar da ba ta da ciwo kada a ba ta magani, wadda ta kamu a ware ta a kira likitan dabbobi. A rage cunkoso, a buɗe iska, a yi rigakafi na gaskiya. Ya ce na san abin da zai faru a makon farko? Na ce wasu za su mutu. Ya ce wasu a bakina, a ɗakinsa ɗaruruwa ne, da mutanen da ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Ya ce ko ya daina, gonaki nawa ne a saman rafin nan, duk abin da suke yi ke nan. Na ce na sani. Ya ce kullum na sani, tun muna yara na sani, sanina bai taɓa ɗaukar guga ba.

Ina da amsa, mai kyau ma, na haɗiye ta.

Ya tashi ya hau ya rufe famfon wanki. Ya ce yau ba za a wanke ba, gobe zai juya ruwan cikin tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini, kafin ya ga yadda zai yi da tankin. Bai ce ya daina ba, ban kuma ce ya yi alkawari ba. Ramin yana sama da rijiya. Zan gaya masa gobe. Yau ya isa.

Na cika kwalba a bakin rafin kafin mu tafi. Shi ya riƙe mini murfin.

Litinin, da hantsi

Na kai wa shugaban sashe hotunan, har da na rafi. Ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, ya tambaya gonar wa ce. Na ce ta yayana. Ya cire tabarau ya goge, ya ce sai a rubuta wata gona. Na ce a rubuta yadda ya ga dama, amma a aika wa masu kula da ruwa, kuma a bi rafin har sama. Ya ce za a kafa kwamiti.

Laraba, da yamma

An cire masa robar fitsari, an ce ya fara zuwa banɗaki. Sandunan da aka kawo sun yi masa tsawo, sai gobe za a rage. Nas ta kawo tasar fitsari ya ce ta mayar, bai kai nan ba tukuna.

Umma ta ce bari mu kama shi mu biyu. Ya ce a'a. Ya dubi gilashin ƙofa, inda inuwar take kamar kullum.

"Uwata, je ki ce wa wancan mai gadin ya shigo."

Na ce aiki ne ya yi masa yawa, yanzu ma wucewa zai yi. Ya ce ranar da aka yi maganar kwalba idonsa ne a rufe, kunnensa ba a yanke shi ba. Ya ce shi ya yi kukan baya, yaro ya ji ya kawo ruwa, ba wanda ya kama ƙafarsa ya tsoma. Ya ce ba wannan ya dame shi yanzu ba, fitsari yake ji, kuma ba zai bari mata biyu su yar da shi a gaban jama'a ba.

Na fita na faɗa. Yaya ya ce ba zai iya ba. Na ce ban ce ka iya ba, fitsari yake ji.

Ya shigo kansa a ƙasa, ya gaida Umma, ya gaida har mutumin gadon gefe. Baba hannu kawai ya ɗaga masa sama kamar yadda auta ke yi. Yaya ya sunkuya ya zura hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin cinya. Ya shirya wa nauyin da ya sani, sai ya ɗago shi da sauri har ya yi baya kaɗan.

"A hankali," in ji Baba. "Ka ga na rage maka kaya."

Yaya bai yi dariya ba. Ya tura ƙofar banɗakin da kafaɗa suka shige. Mun ji famfo yana zuba, ya daɗe yana zuba, fiye da yadda wanke hannu ke buƙata.

Umma ta ce in gyara zanin gadon kafin su fito. Na gyara.